Kwana Goma Sha Bakwai a Gidan Inji

A unguwarsu Mai Famfo ake ce masa, ko da yake bai taɓa gyara wa kowa famfon gida ba sai bayan da ya bar aiki. Aikinsa a gidan inji yake, can bakin kogi, tafiyar awa ɗaya da rabi daga gari in hanya ta yi kyau, inda manyan injuna uku ke zuƙo ruwa su tura shi ta bututu zuwa matatar ruwan gari. Shekara talatin da ɗaya ya yi a wurin. Gajeren mutum ne mai faɗin kafaɗa, yana magana da ƙarfi saboda ƙarar inji ta cinye masa kunnen hagu, kuma in ka gamu da shi a hanya ba abin da zai sa ka waiwaya.

Shi ne na bakwai cikin 'ya'ya goma sha ɗaya. Mahaifinsu tela ne, gidan ɗaki uku ne, ɗaya daga ciki kuma keken ɗinki da tarin yadi sun mamaye shi. Maza shida suke kwana a ɗaki guda. Yakan ce har gemu ya fito masa bai san ƙafarsa tana miƙewa duka ba. Ba ya tuna ranar da ya zauna shi kaɗai a gidan nan, in ban da banɗaki, nan ma kafin ya tsuguna an fara buga ƙofa.

Makaranta bai yi nisa ba. Kawunsa bakanike ne, shi ya ɗauke shi, ya koya masa jin ciwon inji da kunne kafin a kai ga kwance shi. Yana da shekara ashirin da huɗu hukumar ruwa ta nemi masu kula da injuna. Da aka tara sababbin ma'aikata ana rabon wurare, kowa ya sunkuyar da kai da aka zo kan gidan inji na bakin kogi, don ba gida ko ɗaya kusa da shi, kuma mako guda ake yi a can, mutum biyu kacal, sannan a dawo a huta mako guda. Shi kuwa ya ɗaga hannu tun mai karanta takardar bai kai ƙarshen layi ba.

Yayarsa ce ta haɗa shi da matar da ya aura, malamar firamare, ƙawar maƙwabciyarta. Malama yake kiranta har yau, ita kuma ta ce masa Baban Yara, ko kuma, in ranta ya ɓaci, Injiniya. Sun haifi huɗu, maza biyu mata biyu. Gidansu ma bai rasa hayaniya ba: ga yara, ga 'ya'yan 'yan'uwa da ake turowa karatu, ga littattafan ɗalibai da Malama ke bazawa a kan tebur tana duba su tana faɗa da waɗanda suka rubuta su kamar suna gabanta. In makon hutunsa ya kusa ƙarewa, fuskarsa takan sake, Malama kuma tana lura.

"Ka rage murnar dai," takan ce, tana zuba masa shinkafa da wake a jaka. "Mutane za su ce korarka muke yi."

A shekararsa ta tara da fara aiki ya je sayen bel ɗin inji a wani shagon kayan gyara. Mai shagon ba shi da girman da ake so, ya ce a jira shi ya duba wajen maƙwabci, ya bar Mai Famfo da benci da ƙaramin talabijin a kan kanta. A allon wani mutum ne ke tafiya a tsakiyar babban titi, ciyawa ta fasa kwalta, motoci a tsaye ƙofofinsu a buɗe. Ba kowa. Mutumin ya shiga kanti ya ɗebi abin da yake so, ya fito, ya zauna a kan wata mota ya ci. Mai Famfo ba ya jin harshen da aka yi fim ɗin da shi, amma hakan bai rage masa komai ba, tunda mutumin ba shi da wanda zai yi wa magana. Da mai shagon ya dawo da bel, sai ya tarar da abokin cinikinsa ya jawo bencin gaban kanta.

"Ina mutanen garin suka tafi?"

"Sun mutu duka. Shi kaɗai ya rage a duniya."

"Duka duka?"

"Haka dai suka ce. Ga bel ɗinka."

Bai tashi ba sai da fim ya ƙare. Daga ranar ya shiga neman irinsa. Masu sayar da faifai suka san shi; da sun hango shi sai su ce, "Yau ba mai mutum ɗaya, Baba," ko kuma su zaro wani daga ƙasan tebur. A hankali ya tara arba'in da wani abu a cikin gwangwanin biskit. Akwai waɗanda cuta ta share mutane, akwai na yaƙi, akwai wanda mutumin ya farka kawai ya ga ba kowa, ba a kuma taɓa gaya maka dalili ba. Akwai na wanda aka bari a cikin kumbo yana yawo a sama, akwai na wata mace a ƙasar ƙanƙara. Na dodanni ba ya so. Yakan ce in akwai dodo ai mutum ba shi kaɗai ba ne, yana da abokin faɗa.

Kallon bakanike yake yi musu. Sai ya tsayar da fim ya nuna allo da yatsa.

"Dubi nan, Malama. Shekara uku da mutuwar kowa, ya murɗa famfo ruwa ya zubo. Wa ke tura ruwan? Wa ke zuba wa injin baƙin mai? Kwana biyu in muka kashe injunanmu, garin nan ko na wanke ido ba za a samu ba."

"To ka rubuta musu wasiƙa."

"Ga mota kuma. Man da ya shekara uku a tanki, ya murɗa makulli sau ɗaya ta tashi. Ni da nake tayar da janareta kullum ma sai na lallaɓa shi."

"Ni tambayata ɗaya ce," in ji Malama, ba ta ɗago daga littafin da take dubawa ba. "Wannan kowa da ke mutuwa kullum kana zaune kana jin daɗi, ina ciki ko ba na ciki?"

Ya sake kunna fim ɗin. Yaran suka fashe da dariya, aka yi mako ana maimaita maganar a gidan.

Abokin aikinsa na shekara goma sha huɗu Dogo ake ce masa, siriri ne mai surutu, wanda ko shayi yake sha sai ya ba ka labarin inda ya sayi ganyen. A ɗakin hutawarsu na gidan inji akwai gado biyu na ƙarfe, da risho, da kabad, da tsohon talabijin da Mai Famfo ya kawo. Dogo fim mai waƙa da dambe yake so. In aka sa masa na mutum ɗaya sai ya jingina da bango, ya yi haƙuri na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Wai yaushe za a fara ne?"

"An yi minti arba'in da farawa."

"Allah ya ba ka lafiya."

Daga fina-finan ne Mai Famfo ya ɗauko shawarar akwati. Tsohon akwatin kayan aiki ne na ƙarfe, ya wanke shi ya tura ƙarƙashin gadonsa. Ya zuba ashana cikin leda, da igiya, da gishiri, da kifin gwangwani ashirin, da ƙugiyar kamun kifi, da kyandir, da wuƙa, da madubin hangen nesa mai ido ɗaya da ya saya a kasuwar gwanjo. Gefen akwatin ya ajiye ƙaramin buhun wake da na shinkafa, yana sauya su duk wata shida kada ƙwari su ci. Dogo ya sa wa akwatin suna Tashin Duniya, kuma sau biyu ana kama shi yana satar kifin ciki.

Yana da shekara hamsin da ɗaya aka yi daminar da har yanzu ake kwatance da ita. An kwana huɗu ana ruwa. Ranar ta biyar da safe Dogo ya tashi da kumburarren kunci, haƙori ya hana shi ko da magana, wanda a wurinsa ba ƙaramin ciwo ba ne. Motar da ke kawo musu kaya ta zo da ƙyar, Mai Famfo ya ce masa ya bi ta ya je a cire, ya dawo gobe.

"In bar ka kai kaɗai? Doka ta hana."

"Dokar ce za ta cire maka haƙorin? Tafi, don Allah. Kwana ɗaya ne."

Motar ta haye gada da misalin ƙarfe goma. Wajen ƙarfe biyu Mai Famfo yana tsaye a ƙofar ɗakin injuna ya ji wata ƙara daga nesa, kamar an juye tifa goma ta duwatsu a lokaci guda. Ya hau rufin da madubinsa. Inda gadar take babu komai sai jan ruwa yana birgima. Kafin yamma wutar lantarki ta ɗauke, wayarsa ta daina nuna layi, kogin kuma ya zagayo ta bayan tudun da aka gina gidan injin a kai, ya haɗe da kansa. Wurin ya zama tsibiri mai faɗin filin ƙwallo biyu.

Oba-oba, rediyon da suke magana da ofis da ita, ta yi aiki kwana biyu. Ya yi magana da shugaban sashensu, wanda ya gaya masa cewa ƙauyuka tara sun nutse, duk wani kwale-kwale yana can ana kwashe mutane daga kan rufi da bishiyoyi, kuma ruwan da ke gefensa ya fi ƙarfin ƙaramin jirgi.

"Kana da abinci?"

"Ina da shi, ranka ya daɗe."

"Na kwana nawa?"

"Wata guda, in na yi hankali."

Da alama shugaban bai zaci wannan amsa ba. "To, ka yi abin da za ka iya. Rijiyoyin gari duk sun gurɓace. Asibiti da sansanin da aka tara mutane ruwanka suke jira."

Kwana na uku tsawa ta faɗa kan ƙarfen eriya da ke saman rufi, oba-obar ta yi ƙauri ta mutu.

Ya zauna ya yi tunanin man janareta. In ya kunna injuna yadda aka saba, kwana uku ya ƙare. In ya tayar da inji ɗaya kawai, awa biyar kowace safiya, zai ja shi kusan mako biyu. Haka ya yi. Ƙarfe shida ya tayar, ƙarfe sha ɗaya ya kashe. Kafin ya tayar sai ya sauka matakala zuwa bakin bututun da ke zuƙo ruwa, ya kwashe abin da kogi ya tara a jikin ragar ƙarfen da ke tare shara: rassa, robobi, tabarmi, takalma, matattun kaji. Da rana ya shafa giris, ya duba baƙin mai, ya rubuta awannin aiki a littafin injuna kamar kullum.

Gaskiyar magana, kwanakin farko daɗi ya ji. Ya haɗa gadon nan biyu ya kwanta a tsakiya. Ya dafa wake ba wanda ya ce ya cika gishiri. Ya zauna a kan rufi yana kallon ruwa, yana jin cewa duk abin da ya shekara kusan ashirin yana kallo a allo ga shi ya zo, kuma bai same shi hannu sake ba.

A kwana na huɗu ya sami baƙo. A fina-finan yawanci kare ne ke zuwa, mai biyayya, mai kwanciya a ƙafar mutum. Shi jaki ya samu, tsoho, mai yagaggen kunne, ruwa ya jefo shi gefen tudun yana rawar sanyi. Mai Famfo ya ja shi da igiya ya kai shi rumfar ajiye ganguna, ya goge shi da buhu. Da jakin ya dawo hayyacinsa, abin da ya fara yi shi ne ya cije shi a kafaɗa. Kashegari ya tura ƙofar ɗakin hutawa ya ci rabin sabulu da bangon littafin injuna. Mai Famfo ya sa masa suna Manaja, don ba ya aikin komai kuma ba a isa a yi masa magana ba.

Abin ya fara sauyawa ne ba tare da wani babban dalili ba. Wata rana da hantsi yana kan rufi sai ga rufin wani gida sukutum yana tafiya a kan ruwa, kaji biyar a jere a samansa, zakara a gaba kamar shi ne direba. Dariya ta kama shi, ya juya ya ce, "Dogo, zo ka ga..." Bai ƙarasa ba. Ya bi rufin da kallo har ya sha kwana, sannan ya sauko. Duk yinin ranar abin ya tsaya masa a rai. Ya ga abin dariya, ba wanda zai gaya wa, sai abin ya zama kamar bai faru ba. Ya je ya gaya wa Manaja. Manaja ya juya masa baya.

Washegari da safe, janareta na aiki, ya ce bari ya sa fim ɗaya daga cikin ukun da ke jakarsa, wanda ya fi so. Ya kalli minti goma. Mutumin na tafiya a titin da ba kowa, yana waige-waige. Sai Mai Famfo ya ga abin da bai taɓa gani ba a duk kallon da ya yi masa: ai akwai wanda ke riƙe da kyamara yana bin mutumin nan. Akwai mai gyara masa riga, akwai mai dafa masa abincin rana a bayan wancan ginin, da an ce a tsaya za su fito su yi ta hira. Ya kashe, ya mai da faifan jaka. Bai sake kunna talabijin ba har ya bar wurin.

A gari kuwa ba wanda ya san halin da yake ciki. Abu ɗaya aka sani: kowace safiya ruwa na isowa matata, kowace yamma wajen ƙarfe huɗu famfunan gari na kawowa na awa biyu. Malama takan buɗe famfon tsakar gida tun ƙarfe uku ta ajiye bokiti, ta jawo kujera ta zauna da littattafanta. In famfon ya yi tari ya fara zubowa, sai ta ce wa autarsu, wadda ke karatun jinya a lokacin, "Babanku ya tashi lafiya," ta ci gaba da aikinta. Maƙwabta na shigowa ɗiba suna yi mata sannu da jiran, tana amsawa a taƙaice.

A kwana na tara Mai Famfo yana kwashe shara daga raga, ruwan ya turo wani yankin kwanon rufi ya yanke shi a tafin hannun dama, daga gindin ƙaramin yatsa har kusa da wuyan hannu. Ya hau matakalar da hannu ɗaya, ya buɗe akwatin Tashin Duniya yana zubar da jini a kan kifin gwangwani. Akwai igiya, akwai ƙugiya, akwai madubin hangen nesa. Babu bandeji, babu maganin ciwo ko ƙwaya ɗaya. Ya tafasa ruwan gishiri ya wanke, ya yaga rigar Dogo da ke rataye a ƙusa ya ɗaure.

Kwana biyu ya ci gaba da aiki a haka. A na uku hannun ya kumbura har gwiwa, zazzaɓi ya kwantar da shi. Yana jin lokacin tayar da inji ya yi, yana ganin hasken rana a bango, amma ƙafafunsa suka ƙi. A kwancen nan bai yi tunanin ƙarshen duniya ba, bai kuma yi wasu manyan tunane-tunane ba. Sakatar ƙofar kicin ɗin gidansu ce ta dame shi, wadda ya yi wata uku yana cewa zai gyara. Sai kuma wani ƙaninsa da suka yi shekara biyu ba sa magana a kan abin da ya kasa tunawa. Da ƙishi ya matsa masa sai ya ja jiki zuwa ganga ya sha, ya dawo.

Ranar famfon Malama bai yi tari ba. Ta zauna har ƙarfe shida. Kashegari ma haka. A rana ta uku da safe ba ta tafi makaranta ba. Ta ɗauki jakarta, ta biya ta ɗauki yayar mijin, ta aika aka kira Dogo, su uku suka shiga ofishin shugaban sashe. Ya fara yi musu bayanin ƙarfin ruwa da ƙarancin jirage.

"Ranka ya daɗe," in ji Malama, "kwana goma sha ɗaya kuna cewa yana lafiya tunda ruwa na zuwa, na yarda, ban tako nan ba. Yau kwana biyu ruwa bai zo ba. Da bakinku kuka ba ni ma'aunin, to ku karanta shi."

"Mai yiwuwa mai ne ya ƙare, Malama."

"Mutumin da ke ƙirga ƙwayar ashana? In mai zai ƙare, da ya rage awanni tun kafin ranar, ba zai yanke rana ɗaya ba. Wani abu ya same shi."

Yayar kuwa ta cire takalmanta ta zauna a ƙasan ofishin, ta jingina da kabad ɗin fayil, ta ce ita tsohuwa ce, ba ta da inda za ta je. Dogo ya ce in an sami jirgi shi zai shiga, tunda haƙorinsa ne ya jawo.

A ranar da yamma, ga mamakin kowa, famfo ya kawo ruwa na minti arba'in. Ashe zazzaɓin ya ɗan saki Mai Famfo da safe, ya rarrafa ya tayar da janareta da hannun hagu, ya bar shi yana aiki har man ya ƙare da kansa. Shugaban ya so ya ce kun gani, amma da ya leƙa ya ga yayar tana nan zaune inda take, sai ya ɗauki waya ya ci gaba da neman jirgi.

Sai a kwana na goma sha bakwai aka sami jirgi mai inji babba da ya iya yanka ruwan. Dogo ne ya fara tsalle ya sauka, da ma'aikaciyar jinya a bayansa. Suka tarar da shi zaune a bakin ƙofar ɗakin injuna, ya rame, gemu ya yi fari fat, hannun a rataye a wuya. Jakin na tsaye gefe yana cin kwali.

Dogo ya tsaya yana kallonsa. Can ya ce, "Rigata ce wannan?"

"Ita ce. An cire haƙorin?"

"An cire."

"Zauna in gaya maka abin da na gani. Wani rufi ne, da kaji biyar a kai..."

Ma'aikaciyar jinyar ta ce labarin kaji ya jira, ta kwance ɗaurin, ta duba, ta ce a sa shi a jirgi yanzu. Ya ƙi shiga sai da aka zuba wa jakin sauran waken a kwano, aka buɗe masa rumfa.

Ya kwana tara a asibiti. An ceci hannun, amma ƙananan yatsu biyu sun sandare, ba su sake lanƙwasuwa ba. Auta ta zazzage akwatin a gabansa da aka kawo shi gida, ta ɗaga madubin hangen nesa ta ce, "Baba, fim arba'in, ba wanda ya taɓa yankewa a ciki?" Ya ce suna yankewa, amma zuwa fitowa ta gaba sun warke. Ita ta cika akwatin da bandeji da magunguna kafin ya koma.

Hukumar ta ba shi takardar yabo a wani ɗan taro. A hoton da aka ɗauka shugabanni ne a tsakiya, shi yana can gefe, rabin kafaɗarsa a waje. Wani ɗan jarida ya tambaye shi yadda ya ji da ya zama kamar shi kaɗai ne a duniya. Ya ce, "Ai ban zama ba. Na san akwai mutane a ƙarshen bututun." Ɗan jaridar ya jira ƙari, bai samu ba, ya rufe littafinsa. Da ruwa ya janye, mai jakin ya zo daga wani ƙauye ya tafi da abinsa, yana mitar an bar masa dabba ta rame.

Mai Famfo ya koma aiki bayan wata biyu, ya ƙara shekara huɗu. Ya je ya sami ƙanin nasa, suka gaisa kamar jiya suka rabu, ba wanda ya tayar da tsohuwar magana. Fina-finan bai daina kallo ba, sai dai ya rage, kuma ya daina tsayar da su yana nuna kuskure. In mutumin cikin fim ya fara magana da kujera ko da hoton bango, yara su yi dariya, shi ba ya yi.

Da ya yi ritaya ya kafa tebur a ƙofar gida yana gyaran ƙananan injunan ruwa na gidaje. Yatsu ukun sun ishe shi riƙe sifana. Aiki na zuwa daidai gwargwado, ba ya nema, ba ya kora.

Shekara biyu da suka wuce Dogo ya faɗi a kasuwa, ɓarin jikinsa ya shanye, harshensa ya yi nauyi. Yana zaune yanzu a gidan babban ɗansa, a wancan gefen gari, a wani ɗaki mai taga ɗaya da ke kallon wurin wankin motoci. 'Ya'yan suna kula da shi, amma kowa na da aikinsa, kuma sauraron Dogo yanzu sai mai haƙuri, don kalma ɗaya takan ɗauke shi rabin minti. Duk ranar Alhamis Mai Famfo yakan rufe teburinsa da azahar, ya shiga bas biyu, ya isa da lemo huɗu a leda. Yakan jawo kujera ta gefen dama, ya juya kunnensa mai ji wajen bakin Dogo, ya ɓare lemon yana ba shi ɗaya bayan ɗaya. Dogo ya fara labari, ya maƙale, ya sake farawa. Ba ya ƙarasa masa kalma, ko da ya san wadda yake nema. Ƙarfe biyar matar ɗan takan leƙo ta ce, "Baba, bas ɗinku fa," sai ya tattara ɓawon a ledar, ya ce wa Dogo ya riƙe sauran labarin, ya fita ya tsaya a layi.